Manhajar tana aiki, amma jagorarta ta cinye min dare guda

Wata biyu kenan ina amfani da wannan manhaja mai gano matsalar shafukan intanet, irin wadda ake haɗa wa ejan na AI, wato manhajar AI mai yin aiki da kanta a madadinka, domin in ya buɗe shafi ya gane ko lafiya yake ko ya faɗi kafin ya ci gaba da aiki. Ranar farko gaskiya jagorar ta burge ni, ko minti goma ban yi ba na haɗa manhajar ta MCP, wato tsarin da ake haɗa ejan da kayan aiki, na gwada shafi ɗaya ta dawo min da sakamako a JSON, tsarin jera bayanai da kwamfuta ke karantawa, tsaf. Na ce alhamdulillahi wannan karon na dace.

Rigimar ta fara ne a wajen saita lokacin jira. Abin da suka rubuta kawai shi ne a saka lamba, iyakar lokacin da za a jira shafi ya buɗe, shi kenan, ba su ce sakan ba ne ko milisakan, ba su faɗi nawa yake in ba ka taɓa shi ba. Ni kuma na saka 30 da nufin sakan talatin, ashe milisakan take lissafawa, wanda dubunsa ne sakan ɗaya, to wane shafi ne zai buɗe a milisakan 30? Duk adireshin da ejan ya gwada sai ta ce ya gaza, kuma abin haushin saƙon da take bayarwa iri ɗaya ne da na shafin da ya mutu da gaske, babu inda ta ce lokaci ne ya ƙare. Ejan ya yarda da ita ɗari bisa ɗari, ya yi ta maimaita buɗewa yana maimaitawa har wani shafi ya gaji ya fara mayar mana da 429, wato mun cika turo buƙata, ya rufe mu. Na zargi netwok, na zargi saba, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, na sake girka burauza, na bi kod ɗina layi-layi, sai wajen ƙarfe uku na dare ina duba log, wato tarihin abin da manhajar ta yi, na ga kowane gwaji yana yankewa kafin ƙiftawar ido, nan na gane. Wallahi raina ya ɓaci sosai, kalma ɗaya ce fa suka ƙi rubutawa. Je ka duba jagorar Playwright, wata manhajar sarrafa burauza, ƙarara suke rubuta milisakan, su gaya maka 30000 ne in ba ka canza ba.

Abin da ya fi damuna ma ba ni kaɗai ke karanta bayanin nan ba. A tsarin MCP, ɗan bayanin da aka rubuta a jikin kowane kayan aiki shi ejan yake karantawa ya san yadda zai kira shi, su kuma sai suka kwafi wancan gurgun bayanin suka manna a can. Da na bar ejan ya zaɓi lambar da kansa don gwaji, shi ma ƙaramar lamba ya saka, ya faɗa ramin da na faɗa. Ni mutum ne in na ga abu bai yi ba zan tsaya in yi bincike, shi kuwa abin da aka rubuta masa da shi zai tafi, ya kawo maka rahoton ƙarya da ƙwarin gwiwarsa.

Amma ba zan zalunce su ba, da na gyara lambar manhajar ta nuna kanta. Tana kama kuskuren JavaScript da ido ba ya gani, tana kama buƙatun da ke faɗuwa a bayan fage alhali shafin a ido lafiya lau, har na fara cewa tauraro huɗu zan ba su in yafe wancan.

Sai satin jiya kuma na sake cin karo da wani. Akwai shafukan da saba ke mayar da 200 kamar komai lafiya amma a jikinsu an rubuta ba a samu abin da kake nema ba, jagorar ta ce tana gano “shafukan da suka lalace”, ba ta taɓa cewa irin waɗannan ba sa ciki ba, ejan ya wuce su duka a matsayin masu lafiya. Na koma jerin lambobin kuskure ko zan ga bayani, sunaye ne kawai jere, babu wanda aka ce masa a sake gwadawa ko a haƙura, alhali 404, wato babu shafin, da 503, wato saba ba ta iya amsawa a yanzu, ba abu ɗaya ba ne ko kaɗan.

Na tura musu saƙo kan maganar milisakan, sun amsa da ladabi sun ce za su gyara, yau sati uku shafin jagorar yana nan yadda yake. Yanzu ni na rubuta wa ejan ɗina nawa bayanin da hannuna. Tauraro biyu na ba su.