Ƙwayoyin "ƙarin haihuwa" da na saya bayan tiyatar maraina

Da azumin bara, wajen ƙarfe biyun dare, ciwo ya tashe ni kamar an caka min ƙusa a maraina, har da amai. Allah ya sa yayana bai tsaya neman jiƙo ba, ya goya ni a mashin sai asibiti. Igiyar da ke kai wa ɗan maraina jini ce ta murɗe, kuma likita ya ce idan aka haura awa 6 ba a warware ba, damar ceto shi tana raguwa. Suka warware, suka ɗinke duka biyun don kada a sake.

Da aka sa ranar aurena sai zullumi ya kama ni. Mai kemis ɗin unguwarmu ya miƙo min kwalba mai ƙwaya 60, haɗin wani sinadari mai suna CoQ10 da bitamin E da zinc. "Ango, bincike ya tabbatar, wannan na gyara maraina bayan murɗewa." Na biya naira dubu 18 ban ko yi ciniki ba.

Kwalbar a rufe take da kyau, da lambar NAFDAC. Ƙwayar dai ƙatuwa ce, sai da ruwa kofi guda take wucewa, kuma ranar da na sha ban karya ba, zuciyata ta yi ta tashi har azahar.

Binciken da yake faɗa akwai shi, amma a kan ɓeraye aka yi. Ana murɗe marainan ɓera zagaye biyu, a bar shi awa ɗaya ko biyu, sannan a warware. Dawowar jinin ma kanta tana ɓarna, don haka ake ba ɓeran sinadarai irin su melatonin ko bitamin E dab da warwarewar, kuma ɓarnar takan ragu. Ni kuwa wata biyar bayan tiyata na fara sha! A mutane, wani gwaji mai suna MOXI na Amurka da aka wallafa a 2020 bai ga wani haɗi makamancin wannan ya inganta maniyyi ba.

Na jira wata uku, tunda maniyyi na ɗaukar kusan kwana 74 kafin ya haɗu, na je gwaji. Na wuce ƙwayoyin maniyyi miliyan 16 a kowace mililita da Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta sa ma'auni a 2021. Alhamdu lillahi, amma ban yi gwaji kafin in fara sha ba, to da me zan yaba wa kwalbar? Tauraro biyu cikin biyar na ba ta. Mai kemis ya ce in zo in karɓi ta biyu, na ce kuɗin na lefe ne.