Sharhi kan sabon filin taron kaɗe-kaɗe na bayan kaka

Taron kaɗe-kaɗen gargajiya da ake yi duk shekara a garinmu na ƙasar Kabi, bayan an gama kawar da amfanin gona, ya tashi bana daga dandalin tsakiyar gari inda aka saba yin sa, ya koma wani fili da aka kewaye da waya a bayan gari, kusa da babban titi. Na sayi tikiti na halarci taron tun daga buɗewa har tashi, kuma tun daga lokacin babu majalisar da za a zauna a cikinta ba a tayar da maganar wannan sauyi ba. Ra'ayina shi ne masu shirya taron sun yi daidai da suka fitar da shi daga cikin gari, amma sun ɗauki taron kamar kaya ne da za a sauke a ko'ina ya zauna, alhali kiɗan da muke zuwa saurare yana da buƙatun da tsohon wurin yake biya masa ba tare da kowa ya lura ba.

Dalilin tashin a fili yake ga duk wanda ya san tsohon dandalin. Gari ya cika ya batse, lungunan da ke shiga wurin ƙanana ne, kuma a 'yan shekarun nan cunkoso yakan kai matsayin da idan wani ya faɗi ba a iya fitar da shi cikin hanzari. Ga kuma batun tsaro, wanda babu mai hankalin da zai raina shi a wannan yanki namu. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, ya yi kusan shekara goma ba a gudanar da shi ba kafin a dawo da shi a 2020, kuma matsalar tsaro tana cikin dalilan da aka bayar. Idan babban biki irin wannan zai iya tsayawa, ƙaramin taro irin namu ya fi kusa da hakan. A sabon filin ƙofar shiga ɗaya ce, ana bincika kowa kafin ya wuce, mata suna da layinsu da masu bincikensu mata, an kuma bar hanya a buɗe ta yadda mota za ta iya shiga har gaban rumfuna. Iyaye da dama da na zanta da su sun ce wannan ne karon farko da suka bar 'ya'yansu suka zagaya cikin taron ba tare da zuciyarsu tana ɗar-ɗar ba, kuma ni ma na ga alamar hakan.

Inda abin ya gaza shi ne wajen sauti, kuma a taron kiɗa wannan ba ƙaramar gazawa ba ce. Tsohon dandalin yana kewaye da katangun gidaje da manyan itatuwa, saboda haka sauti yakan bugi bango ya dawo cikin jama'a, har mai zaune can baya yana jin muryar mawaƙi da ta 'yan amshinsa a tare. Sabon filin kuwa fetal yake, babu abin da ke tare sauti ta kowace fuska. A fili irin wannan, duk lokacin da nisan mutum daga lasifika ya ninka, ƙarfin sautin da ke isa kunnensa yakan ragu sosai, iskar hunturu da ke kaɗowa daga arewa maso gabas kuma tana ƙara kwashe abin da ya saura. An jibge dukkan lasifikun a gefe biyu na dandamali, aka ƙure murya don ta kai baya, sakamakon haka na gaba suka riƙa toshe kunne, na baya kuma suna jin amo ba sa jin kalma. Akwai ma wani abin da na lura da shi da na koma can ƙarshen fili: sauti yana tafiyar kimanin mita 340 ne a daƙiƙa ɗaya, don haka wanda ke nisan mita ɗari yana ganin hannun makaɗi ya sauka a kan fata kafin bugun ya iso masa, kuma masu tafi a baya suna saɓa wa masu tafi a gaba.

Masu kalangu da masu manyan ganguna ba su sha wahala sosai ba, domin kiɗansu da sandar kiɗa ake yin sa, yana da kaifin da ke ratsa fili. Waɗanda suka cutu su ne makaɗan kotso da taushi, wato kiɗan fada da ƙasashen Kabi da Zamfara da Sakkwato suka shahara da shi. Da hannu ake kaɗa waɗannan, sautinsu mai taushi ne, kuma daɗin waƙar yana cikin yadda jagora yake ɗora baiti 'yan amshi su karɓe su ƙarasa masa. An ba jagoran wata ƙungiya makirfo ɗaya, 'yan amshinsa kuma suka taru a kan guda ɗaya suna miƙa wuya, babu ko ɗaya a bakin kotsunan. Na ga dattijon ya dakata a tsakiyar waƙa, ya juya ya dubi yaransa, ya matsa kusa da su don ya ji amshin da kunnensa, domin ƙarar janaretan da aka ajiye a bayan dandamali ta rufe masa su. Ya ci gaba da waƙarsa cikin dattaku, amma duk wanda ya san wannan kiɗa ya san ba haka yake fita ba.

Dandamalin kansa ma ya jawo magana. An yi shi da tsawo, an kuma gitta shinge tsakaninsa da jama'a, ta yadda wanda aka ambaci sunan kakanninsa a waƙa ba shi da hanyar da zai tashi ya je ya yi wa makaɗi kyauta hannu da hannu, sai dai ya ba wani jami'i ya miƙa. Kawuna, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba kuma ya san makaɗan fada tun yana yaro, bai ɓoye ɓacin ransa ba. A ganinsa makaɗi yana duban fuskokin mutane ne yana saƙa waƙarsa, sanƙira yana hango wanda ya shigo ya sanar da shi, kuma idan aka ɗaga su sama aka haska musu fitila a ido, an raba su da abin da suke waƙa da shi. Na yarda da shi ƙwarai a kan wannan. Matasan da na ji ra'ayinsu kuwa sun fi son sabon tsarin, domin suna ganin mawaƙi daga ko'ina, suna ɗaukar bidiyo da wayoyinsu ba tare da kawunan mutane sun tare su ba, kuma da mawaƙan zamani suka hau da kiɗan fiyano, filin ya yi musu daidai, sun sami sararin rawa wanda ba su taɓa samu ba a cikin gari.

Abin da ya fi damuna shi ne mutanen da ba su zo ba. A da tsofaffi sukan fito da tabarmi bayan sallar isha'i su zauna a ƙofar gidajensu, matan aure kuma suna saurare daga cikin gida ta saman katanga, ba tare da sun biya ko sisi ba. Bana sai mai ƙarfin tafiya ko mai kuɗin abin hawa. 'Yan kabu-kabu sun ninka kuɗi da dare ya yi, hanyar da ta tashi daga titi zuwa ƙofar fili babu fitila a kanta, kuma da aka tashi taro na ga mata da goyo suna tsaye cikin sanyi da ƙura suna jiran abin hawa. Filin ma gona ce da ba a daɗe da girbe ta ba, ba a share ta da kyau ba, ƙarangiya ta cika gefen da masu tabarmi suke zama, har na ga wata uwa ta durƙusa tana cire wa ɗanta ita daga wando ɗaya bayan ɗaya da hasken waya.

Masu sana'a ra'ayinsu ya rabu. Masu tsire da masu soya kifi da suka sami wuri kusa da ƙofa sun yi ciniki, masu shayi kuwa har kayansu suka ƙare saboda sanyi. Amma matan da suke sayar da masa da ƙosai daga ƙofar gidajensu a tsohon dandalin sun rasa kasuwar da suke jira duk shekara, domin ba kowace ce za ta iya ɗaukar tanda da itace zuwa bayan gari ba. Ruwan sha ya wadata, makewayi kuma sun yi kaɗan.

Gyaran da ake buƙata bai fi ƙarfin masu shirya taron ba. A rarraba lasifika zuwa tsakiya da bayan fili maimakon a tara su wuri ɗaya, a nisantar da janareta, a ba kowane kotso da kowane ɗan amshi makirfonsa, a kuma gwada sautin da rana tare da makaɗan kansu kafin jama'a su taru. Makaɗan fada a sauko da su ƙasa cikin da'irar mutane, a bar dogon dandamali ga masu kiɗan zamani. Sannan a yi yarjejeniya da masu motoci da masu Keke Napep su riƙa jigilar tsofaffi da mata daga tsakiyar gari a kan farashi sananne, a kuma keɓe wa matan unguwar tsohon dandalin wurin sana'a ba tare da an karɓi kuɗin rumfa daga gare su ba. Zan sake sayen tikiti baɗi, amma zan fara tambaya ko an tanadi motar da za ta kai kawuna ta kuma dawo da shi gida, domin ya riga ya ce ba zai sake hawa babur cikin duhu a kan wannan hanya ba.