Na gwada mTCP a kan tsohuwar 486 ta kawuna

Wanda yake da tsohuwar kwamfuta mai aiki da DOS, yana kuma son ta yi magana da sauran na'urorin gidansa, mTCP zan nuna masa, wato tarin ƙananan shirye-shirye masu haɗa kwamfutar DOS da netwok. Michael Brutman ne ya rubuta ta, kyauta ake sauke ta, kuma an tsara ta ne yadda za ta yi aiki ko a kan IBM PC ta 1981 mai injin 8088, daga DOS 2.1 zuwa sama. Amma kada kowa ya ɗauko ta da niyyar shiga Facebook. Amfaninta na wani wuri daban.

Ni gyaran waya da laftof nake yi a Birnin Kebbi. Kwamfutar da na gwada a kai ta kawuna ce, 486 mai MS-DOS 6.22, wadda ya yi shekaru yana buga wa mutane takardu da ita a WordPerfect 5.1 tun jihar Kebbi tana sabuwa. Akwai yarjejeniyar filaye a cikinta, da lissafin ƙungiyar manoman shinkafa ta wajen Argungu, har yanzu kuma ana zuwa neman kwafi. Faya-fayan fulofi duk ƙurar hunturu da zafi sun cinye su, sai ɗai-ɗai. Da na ce zan cire rumbun ajiyar in jona shi a laftof, cewa ya yi: "Ɗana, wagga na'ura ta girme ka, kak ka taɓa mata ciki." Da kyar ya yarda na buɗe murfin na soka katin netwok.

A nan wahalar take, kuma ba laifin mTCP ba ne. Manhajar ba ta magana da katin kai tsaye, sai ta hanyar wani ƙaramin direba da ake lodawa tukuna, kuma direban ba ya zuwa a cikin kunshinta. Kowane kati da nasa. Nawa irin NE2000 ne na ramin ISA, wato tsohon ramin soka kati a cikin kwamfuta, na tsinto shi a tarkacen wani ofis, yana da bakin BNC mai kama da na eriya da kuma bakin kebul irin na yanzu. Direbansa yana cikin tarin direbobin kati da ake kira Crynwr, ana kiransa da layi ɗaya: NE2000 0x60 3 0x300. Lambobi biyun ƙarshe dole su yi daidai da yadda aka saita katin, in ba haka ba direban zai zauna a ƙwaƙwalwa ba tare da ya aika komai ba. Wanda ya samu 3Com 3C509 ya huta, don direbansa yakan gano katin da kansa.

Daga nan abin ya zo da sauƙi har na yi mamaki. Ka rubuta ƙaramin fayil mai layin PACKETINT 0x60, ka nuna wa DOS inda yake da SET MTCPCFG, sai ka buga DHCP, shirin da ke roƙo wa kwamfutar adireshi daga rauta. Rauta ta ba da adireshi, manhajar ta rubuta shi a fayil ɗin da kanta, PING, mai gwada ko haɗin ya yi, ya dawo da amsa. A lura, ƙaramar MiFi ta aljihu ba za ta yi ba tunda ba ta da bakin kebul. Sai rauta mai cin layin waya wadda ke da rami a baya.

Tsarin da ya fi burge ni shi ne kowane shiri yana ɗauke da TCP/IP ɗinsa, wato ƙa'idojin magana a netwok, a jikinsa. In ka rufe shi ya tafi gaba ɗaya, direban kati kaɗai ke saura. Duk wanda ya taɓa kokawa da ƙaramar ƙwaƙwalwar 640K ta DOS ya san darajar wannan, domin WordPerfect tana buɗewa yadda ta saba, ba ta kukan ƙarancin wuri.

FTPSRV ne ya biya ni wahalata. Yana mayar da tsohuwar kwamfutar ta zama sabar FTP, wato mai ba wasu na'urori fayiloli, sai ka zauna da laftof ka buɗe FileZilla ka ga rumbunta a gabanka, ka jawo abin da kake so. Katin megabit 10 ne, amma takardun wancan zamani ƙanana ne ƙwarai, kafin shayi ya huce na kwashe aikin shekaru. LibreOffice ta buɗe fayilolin WordPerfect ɗin, yawancinsu da tsarinsu daidai. Abu biyu za a kiyaye: a tura fayil a yanayin binary don kada ya lalace, sannan duk abin da za a mayar cikin DOS sunansa kada ya wuce harafi 8 da 3 bayan ɗigo. Kalmar sirrin FTP kuwa tsirara take tafiya a kebul. A cikin gida ba damuwa, amma ban ba kowa shawarar ya buɗe wannan saba ga duniya ba.

Akwai wani ɗan shiri, SNTP, da ban zaci zan damu da shi ba. Batirin agogon kwamfutar ya mutu tuntuni, duk sanda aka ɗauke wuta sai kwanan wata ya koma 1980. Na sa SET TZ=WAT-1 da SNTP a AUTOEXEC.BAT, fayil ɗin da DOS ke bi in an kunna ta, yanzu tana tashi tana karɓo lokaci daga intanet. Kawu ya fi murna da wannan fiye da komai, don takardar filin da ke ɗauke da kwanan watan ƙarya rigima ce.

Telnet na shiga wata kwamfuta daga nesa da IRCjr na hira suna aiki, na leƙa na fita.

Inda ta gaza shi ne yanar gizo. Shirinta na HTGET yana sauke fayil ta HTTP kawai, alhali kusan kowane shafi yau HTTPS ne mai ɓoye bayanai, don haka yawancin ƙofofi a rufe suke. Burauzar MicroWeb, wadda aka gina a kan mTCP, tana zagayawa ta FrogFind, shafin da ke tace labari ya bar rubutu zalla. Ana iya karatu a haka, sai dai da haƙuri. Ga mu Hausawa kuma akwai ƙarin ciwon kai: haruffan DOS na asali ba su da ɗ da ƙ da ɓ, shafin Hausa da na sauke na buɗe a EDIT sai ga wasu alamomi barkatai a tsakiyar kalmomi.

Adireshin da DHCP ke bayarwa ma aro ne mai wa'adi, kuma tunda ba abin da ke zaune a ƙwaƙwalwa yana sabunta shi, in ya ƙare sai ka sake buga DHCP da hannu. Littafin bayaninta cikakke ne, amma dogo ne kuma da Turanci; kawu bai ko kalle shi ba, sai na haɗa masa fayil ɗin BAT guda mai tayar da direba da DHCP da saba a jere, na sa masa suna TURA.

Wanda zai gwada ya fara neman kati kafin manhaja, don katin ISA ya yi wuya a kasuwa yanzu. In kwamfutar Pentium ce mai ramin PCI, katin Realtek RTL8139 ya wadatar, yana da direban DOS, kuma da wuya a rasa shi a akwatin mai gyara.