Madabod ɗin ASRock N100DC-ITX bayan wata biyar a ƙarƙashin talabijin

Shekara uku muna jona tsohuwar laftof ɗina da talabijin ɗin falo. Fankarta ta tsufa, da an kunna bidiyo sai ta kama gurnani kamar injin markaɗe, har uwargida ta ce ko dai a san abin yi ko kowa ya koma kallo a wayarsa. Bayan ƙaramar Sallah na ƙudura haɗa ƙaramar kwamfuta wadda ba ta da wani aiki sai nuna bidiyo, kuma ba tare da aljihu ya yi kuka ba.

Da farko furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, mai suna Ryzen 3 3200G na sa a gaba, don tana da araha kuma tana zuwa da fankarta. Wani mai shago a titin Beirut ya ƙara mini da cewa, "Alhaji, ka ɗora katin girafik ko na hannu ne, in ba haka ba 4K ba zai tafi ba." Ban ce ya so cutata ba, a da haka abin yake. Amma yanzu ba ƙarfin furosesa ke buɗe bidiyo ba. Akwai wani sashe a cikinta da aka keɓe wa wannan aikin kaɗai, kuma abin tambaya shi ne wane irin bidiyo sashen ya iya karantawa. 3200G ta 2019 ce, ba ta san sabon tsarin bidiyon da ake kira AV1 ba, ga shi YouTube na ta ƙara amfani da shi. Sannan watt 65 aka rubuta mata, kuma sai an saya mata akwatin wuta, wato mai raba wa kwamfuta lantarki, mai tasa fankar. Mu da rabin darenmu a kan inbata yake, wannan lissafin bai yi mini ba.

Shi ya kai ni ga wannan madabod ɗin, wato allon da ake jona duk kayan kwamfuta a kai, wanda wani abokina mai zuwa Dubai saro kaya ya taho mini da shi. Furosesar a manne take a jikinsa, Intel N100 ce da ta fito a farkon 2023, watt 6 kacal. Tana buɗe H.264 da HEVC da VP9 da AV1 ba tare da ta yi gumi ba. Babu fanka, wani faffaɗan ƙarfe ne a kanta yake zuƙe zafi. Abin da ya fi saye ni kuwa shi ne ramin caja da ke bayansa: cajar laftof mai bolt 19 kawai yake buƙata. Kuɗin akwatin wuta ya huta ke nan.

A nan na yi wa kaina. Jin an ce cajar laftof, sai na ɗauka ram ɗin ma, wato ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta, na laftof ne, na je na sayo ɗan guntun nan. Na dawo gida, na shimfiɗa jarida a kan tebur, na zaro shi daga leda, na kai shi bakin ramin, sai na ga ko rabinsa da kyar ya wuce. Ƙaramar 'yata tana tsaye a kaina ta ce, "Abba, ai ya yi masa kaɗan." Dogon DDR4 na kwamfutar tebur yake ɗauka, kuma rami ɗaya ne tak. Washegari na koma aka canza mini da mai giga 8, na yi ciko. Cajar HP da nake taƙama da ita a gida ma bakinta bai shiga ba, sai da na tafi da madabod ɗin kasuwa aka gwada. In za ka sayi caja, ɗaga ta ka ji nauyinta. Wadda ta yi sakayau kamar kwalin ashana, ajiye musu abarsu.

Na sa SSD mai giga 256 a ramin M.2, na ciro tsohon faifan laftof ɗin mai tera ɗaya na jona ta SATA, a nan bidiyon bikin ƙanwata da karatuttukan tafsiri da katun ɗin yara suke. LibreELEC na ɗora a maimakon Windows, wanda da an kunna yake faɗawa cikin manhajar kallon bidiyo ta Kodi kai tsaye, ba sai an bi ta wani wuri ba.

Da ɗan mitan da nake gwada kayan wuta na auna: ana cikin kallon 4K, tsakanin watt 10 da 15 take ci, talabijin ɗin ya ninka ta sau da yawa. Ranar da aka ɗauke wuta muna tsakiyar kallo, inbata ta karɓa, ba wanda ya lura sai da maƙwabta suka tayar da janareta.

Rashin fankar yana da iyaka. A zafin Afrilu na Kano, cikin rufaffiyar durowar talabijin, ƙarfen nan ya yi zafin da ba ka iya barin yatsa a kai. Madabod ɗin bai taɓa mutuwa ba, amma hankalina bai kwanta ba, don haka na ɗaura wa akwatin kwamfutar ƙaramar fanka ɗaya, na rage mata gudu har sai ka kai kunne kake jin ta. Na kuma cire bangon bayan durowar. Hunturu bai zo ba tukuna, na dai tanadi burushi saboda ƙura.

Wi-Fi ba ya zuwa a jikinsa, akwai dai ramin da za ka sa katin. Ni waya na ja daga rauta, ya fi mini kwanciyar hankali. Rimot ɗin talabijin ma ba ya sarrafa shi, domin madabod irin na kwamfuta galibi ba su da HDMI-CEC, wato tsarin da ke ba rimot wannan damar. Kibod ɗin Logitech K400 na saya, mai wurin shafa yatsa a gefe, kuma kusan kullum sai an ɗaga kujera ana nemansa. Mai son Netflix ya sani babu manhajarsa ta hukuma a LibreELEC, gara ya ɗora Windows. Wasan gem na zamani kuwa kada ma a fara, ɗana ya riga ya gwada roƙona.

Gaskiyar da zan faɗa: akwai haɗaɗɗun ƙananan kwamfutoci masu wannan N100 ɗin, da ram da Wi-Fi da caja duk a kwali ɗaya, kuma in ka tara abin da na kashe, ba lallai na fi su sauƙi ba. Na zaɓi haɗawa ne don ina da faifai a hannu, kuma ina son in wani abu ya lalace in cire shi kaɗai in sa wani. Yayana ya ga tawa ya ce in haɗa masa, na ce masa ya sayi haɗaɗɗiya, don na san ba zai yi zaryar kasuwa sau uku a kan bakin caja ba.