ScratchX a kan baƙar jita: yana cire zanen da'ira amma sai an sha wuya

Duk mai baƙar jita irin su Squier ko Epiphone ya san wannan matsalar, jita na sheƙi daga nesa amma da ka haska ta da tocilan waya sai ka ga wasu ƙananan zane-zane kamar saƙar gizo sun zagaye hasken. Mafi yawa mu ne muke jawo su da hannunmu wajen gogewa, musamman lokacin hunturu, ƙura ta kwanta a jiki sai mutum ya ja gefen riga ko busasshen tsumma ya murza, ƙurar nan kuwa yashi ce, kowane murzawa karce ne.

Abin da na yi amfani da shi shi ne Meguiar's ScratchX 2.0, man goge karce ne, asali ma na fentin mota ne, Meguiar's ɗin kuwa kamfanin Amurka ne da ya faro tun 1901 da man goge kayan katako. Yana zuwa a tub mai ml 207 kuma gaskiya tub ɗaya zai yi maka jita da yawa don kaɗan ake lakata.

Yadda yake aiki shi ne akwai ɗan gari mai laushi sosai a ciki da ke cinye saman fenti kaɗan kaɗan har ya yi daidai da zurfin zanen. Shi ya sa irin fentin yake da muhimmanci. Fentin polyurethane da ake sa wa yawancin jitocin yanzu yana da kauri kuma da tauri, kamfanin jita na Fender ma tun wajen 1968 suka fara komawa irin waɗannan fentin na roba, to akwai abin da za a ci ba tare da an kai ga kalar da ke ƙasa ba. Amma taurin nan ne kuma yake sa aikin ya yi nauyi, shafa ɗaya ba za ka ga komai ba wallahi, sai ka danna da ƙarfi ka maimaita wuri ɗaya har hannu ya gaji.

Na cire tsirkiya, na rufe fikof, wato na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya, da ramukan sukurori da tef ɗin takarda saboda in man ya shiga lungu ya bushe fari yake zama kuma fitar da shi aiki ne, sannan na fara wanke ƙurar da ɗanyen kyalle tukuna. Wannan matakin kar a tsallake shi don Allah. Sai a ɗiga kamar ƙwayar wake a kyallen microfiber, wato kyallen goge-goge mai laushi sosai, mai tsabta, a yi wuri kamar faɗin tafin hannu, a goge da wani kyallen daban kafin ya bushe, a haska a duba. A ɓangaren baya na jitar ya kamata a fara gwadawa.

Sakamako dai ya gamsar da ni, zanen da'irar nan kusan duk sun tafi kuma baƙin ya dawo da zurfinsa. Inda ƙarfen bel ya kankare bayan jitar kuwa yana nan, ya ɗan dusashe ne kawai, kuma ban ga laifinsa ba don duk karcen da farce ke maƙalewa a ciki ya wuce aikin wannan man, sai sanfefa mai laushi da ruwa a hannun wanda ya iya.

Abu biyu zan ja kunne a kai. In jitarka mai fenti marar sheƙi ce, wato satin, kar ka kusance ta da shi, zai mayar da wurin ya yi ƙyalli kuma ba ya komawa. In kuma mai fentin nitro ce, wato nitrocellulose, kamar na jitocin kamfanin Gibson, fentin siriri ne mai laushi, ƙarfin da na ce a danna zai iya cin sa fiye da yadda ake so.

A shagunan kayan gyaran mota ake nemansa ko a yi oda ta intanet, kuma ka haɗa da kyallen microfiber sabo aƙalla biyu da ba za su taɓa mota ba.