Na sayi Utricularia sandersonii, sai ga furen livida

Da farko dai ba ni da abin cewa game da yadda kayan suka iso. An naɗe tukunyar da kyau, gansakukan cikinta na nan da lema, ganyen kore shar, ko ɗaya bai yanƙwane ba. A ranar ma tauraro biyar na yi niyyar ba mai sayarwar, sai na ce bari in jira fure tukuna. Gara da na jira.

Abin da na biya kuɗinsa shi ne Utricularia sandersonii, 'yar ƙaramar shuka mai tarkon kama ƙananan halittu, wadda asalinta daga Afirka ta Kudu take, kuma kowa ya san don furenta ake nemanta. Leɓen saman furen ya rabu biyu, ya miƙe kamar kunnuwan zomo, ga dogon ƙaho ya lanƙwaso gaba ta ƙarƙashi. Sunan da aka rubuta a jikin tukunyar ke nan, da manyan baƙi.

Wata huɗu ina kula da ita. Ruwan sama kaɗai nake zuba mata a faranti, ban taɓa bari ƙasan tukunyar ya bushe ba. Da karan fure ya fara ɓullowa kullum da safe sai na leƙa. A nan hankalina ya fara tashi, domin karan sandersonii gajere ne, kaɗan yake ɗara ganye, wannan kuwa sai miƙewa yake har ya wuce tsawon yatsana, bai tsaya ba. Ranar da furen farko ya buɗe na ɗauko madubin ƙara girma mai ninki 10 na duƙa a kansa. Babu kunnuwan zomo. Leɓen sama ɗan ƙarami ne siriri, na ƙasa kuma faffaɗa, fari da shunayya a bakinsa, ƙahon bai wuce shi da komai ba. A tsakiya, wajen maƙogwaron furen, ga tudu biyu masu 'yan ƙuraje a jere. Livida ce, wato wani nau'in Utricularia dabam, babu tantama.

Na san ta ganye ba a raba su cikin sauƙi. Dukansu 'yan ƙananan ganye ne masu kama da cokali, shimfiɗe a kan gansakuka, ba su da saiwa, tarkon da suke zuƙe ƙananan halittu da shi kuma a ƙasa yake ɓoye, ƙanƙanin da sai da madubi. Dangi ɗaya ne ma, rukunin Calpidisca, tare da bisquamata da arenaria. Shi ya sa masana suke dogara da fure da ƙaho da siffar tarko da iri. Masanin tsirrai Peter Taylor da ya tantance jinsi 214 na Utricularia a 1989 ta irin waɗannan alamomi ya bi. To ni mai saye ina da uzuri in ban gane ba kafin fure. Amma wanda ya raini tsiron a wurinsa har ya yanko ya sayar, ta yaya zai ce bai taɓa ganin furensa ba?

Na tura masa hotuna uku. Amsar da ya ba ni ita ce ai duk 'yan uwa ne, kuma livida ta fi yawan fure. Wannan magana ta fi kuskuren yi mini ciwo. Gaskiya ce livida kyakkyawa ce, kuma ba ta rowar fure, har yanzu tana nan ina jin daɗin kallonta. Sai dai ba ita na nema ba, ina ma da ita tuntuni a wata tukunyar. Duk da haka na ce zan bar shi a tauraro uku, tunda tsiron lafiyayye ne.

Bayan mako uku sai ga wasu siraran kara kamar gashi suna fitowa daga gefen tukunyar, kowanne da ɗan ƙullutu a kansa kamar kan allura. Ɗaya ya buɗe, launin rawaya. Subulata, wata Utricularia mai bazuwa kamar ciyawa! Duk mai ajiye waɗannan tsirrai ya san ta: yawancin furenta ba ya ma buɗewa, a rufe yake yin iri, irin kuwa kamar ƙura, ya faɗa kowace tukunya da ke kusa. Kafin in ankara ta shiga tukwane biyu da ke faranti ɗaya da wannan. Na zauna da hantsaki ina tsince karanta ɗaya-ɗaya, alhali na san zarenta na can cikin gansakuka, cirewa gaba ɗaya sai dai a juye tukunyar a sake dashe.

Don haka tauraro biyu, kuma na naɗin kaya ne. Na sake rubuta masa cewa ko dai ya turo sandersonii ta gaskiya, ko ya gyara sunan a shafinsa don kada wani ya sake faɗawa. Ya ce zai duba. Idan za ku saya a wurinsa, ku nemi hoton furen da ke jikin ainihin tukunyar da zai yanko muku, kuma ku ware ta ita kaɗai a farantinta har ta yi fure. Tawa sandersonii ɗin har yau ina jira.