Abuja da ƙaramin guzuri: sharhi kan mota, jirgi, masauki da wuraren kallo

Na bi hanyar Sakkwato zuwa Abuja a motar haya, na hau jirgin ƙasa na Rigasa da ke Kaduna da jirgin ƙasa na cikin gari, na kwana a masaukan bayan gari. Hukuncina shi ne: kallo a Abuja ba shi da tsada, mafi yawan wuraren da baƙo ke son gani ma kyauta ne. Abubuwa biyu ke cinye guzuri, wato wurin kwana da kuɗin mota daga wannan unguwa zuwa waccan. Birnin da aka tsara a takarda ne tun daga 1976, zamanin Janar Murtala, aka kuma tare a cikinsa ranar 12 ga Disamban 1991. An shimfiɗa shi da faɗi domin masu mota. Wanda ya saba ya tsallaka daga Hubbare zuwa fadar Sarkin Musulmi da ƙafa zai sha mamakin tazarar da ke tsakanin wurare a can.

Tafiyar ta haura kilomita 600 idan an bi ta Talatar Mafara, Gusau, Tsafe, Funtua, Zariya da Kaduna, kuma takan ci awa goma zuwa sha biyu. Motar farko kaɗai nake ba da shawarar a shiga. Ka je babbar tasha tun jajibiri ka biya, ka rubuta suna da lambar wani naka a takardar fasinja, ka dawo da an sallame asuba. Dalili shi ne tsakanin Gusau da Funtua, yankin da kowa ya san halin tsaronsa: ana son a wuce shi rana na sama. Motar da ba ta cika ba sai ƙarfe goma za ta shigar da kai Abuja cikin dare, lokacin da motocin haɗaka suka yi ƙaranci, sai shata, kuma a nan ne kuɗin yini guda ke tafiya a tashi ɗaya. Kafin ka biya, tambayi inda motar za ta tsaya. Tashar Zuba da ke bakin shiga Abuja daban, ta Jabi da ta Utako da ke cikin gari daban. Idan Kubwa za ka kwana, Zuba ta fi maka. Idan aka wuce da kai Jabi sai ka sake biyan kuɗi ka dawo baya.

Jirgin Kaduna zuwa Abuja ya fara aiki a 2016, tsawon layin kilomita 186 ne daga Rigasa zuwa Idu, yana kuma tsayawa a Kubwa. Wajen jin daɗi ya fi mota nesa ba kusa ba: kujera ɗaya mutum ɗaya, ga sanyi, ga banɗaki, ga wurin miƙe ƙafa. Bayan harin 28 ga Maris 2022 an dakatar da shi, da ya dawo a Disamban shekarar aka tsaurara bincike. Tikiti ta intanet ake saye, da lambar NIN, kuma sunan da ke kan tikitin dole ya zo daidai da na katin da ke hannunka. Kada ka karɓi tikitin da aka saya da sunan wani, komai sauƙinsa.

Sai dai ga Basakkwace lissafin ba ya fita kullum. Motar da ta tashi da asuba ba ta isa Kaduna sai rana ta karkata, daga tasha kuma sai ka ratsa gari zuwa Rigasa, ga shi jirgin sau ƙalilan yake tashi a yini. Idan kana da ɗan'uwa a Kaduna ko Zariya da za ka kwana wurinsa ka hau na safe, jirgin ya cancanci kuɗinsa. Idan otal za ka kama, abin da ka tsimi ya tafi, gara ka zarce da motar. Wanda ya hau kuma ya sauka a Kubwa. Idu tana bayan gari, kuma motocin da ke jira a bakin tashar farashin shata suke yankawa.

Masauki shi ne inda aka fi yin kuskure. Maitama, Asokoro da Wuse 2 ba na mai ƙaramin guzuri ba ne. Nyanya da Mararaba akwai araha, Mararaba ma a jihar Nasarawa take, amma cunkoson hanyarsu zuwa mahaɗar AYA da ke Asokoro da safe da yamma yana iya cinye maka awa biyu, kuma baƙon kwana uku ba shi da awa biyun zubarwa. Kubwa na fi so. Babbar hanyarta mai faɗi ce har cikin gari, motocin haɗaka ba sa yankewa, tashoshin jirgi na kusa, ga masallatai da masu shayi da tuwo kamar kana gida. Kafin ka biya kuɗin ɗaki ka shiga da kanka: buɗe famfo, kunna fanka, gwada sakatar ƙofa, ka tambayi ƙarfe nawa ake tayar da janareta da ƙarfe nawa ake kashewa, domin wasu gidajen tsakar dare suke kashewa. Biya na kwana ɗaya tukuna, ka karɓi rasit. Ka lura kuma ko akwai mashaya a harabar, saboda kiɗan dare ba zai bar ka ka yi barci ba. Idan ku biyu ne, ku faɗa tun farko, don wasu na ƙara kuɗi a kan mutum na biyu.

Yanzu zirga-zirga. Kabu-kabun da muke tarewa a ko'ina an hana shi shiga tsakiyar Abuja tun 2006, keken Napep ma iyakarsa cikin unguwanni. Abin hawan talaka shi ne motar haɗaka da suke kira alon. Ana shiga a matattara irin su Berger, Area 1, Banex, kasuwar Wuse da AYA, kowace da layin da take bi. Faɗi inda za ka, ka ji kuɗin kafin ka zauna, ka riƙe canji. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 farashi bai zauna wuri ɗaya ba, don haka tambayi mutum biyu a matattarar kafin ka yi magana da direba.

A nan akwai haɗarin da ba na so a ɗauka da wasa: 'yan wan-cans, ɓarayin da ke yawo da mota kamar ta haya, abokan aikinsu na zaune a ciki kamar fasinjoji. Sukan ƙwace waya, su tilasta mutum ya kwashe kuɗin asusunsa, wani lokaci su turo shi waje mota na gudu. Maganinsu shi ne a shiga mota a inda ake lodi, ana ganin 'yan kamasho. Kada ka tsayar da mota a gefen babbar hanya kai kaɗai, musamman bayan magariba, kada ka shiga mai baƙin gilashi, kuma idan aka ce ka matsa tsakiya alhali wani ya fito ya ba ka hanya, ka haƙura da motar. Da dare manhajar kiran mota irin Bolt ta fi, a duba lambar motar ta dace da wadda ke waya. Farashinta na hawa idan ana ruwa ko lokacin tashi daga aiki. Jinkirin minti ashirin yakan sauko da shi.

Jirgin cikin gari ya burge ni. An buɗe shi a 2018, ya tsaya lokacin korona, aka sake buɗe shi ranar 29 ga Mayun 2024, har Shugaba Tinubu ya ce a hau kyauta zuwa ƙarshen waccan shekarar. Layi biyu ne da suka haɗu a Idu: ɗaya daga tsakiyar gari zuwa filin jirgin sama, ɗaya daga Idu ta Gwagwa, Dei-Dei da Kagini zuwa Gbazango a Kubwa. Tsaf yake, kuma ta taga za ka ga babban filin wasa na Moshood Abiola da tsaunukan da suka kewaye birnin. Rauninsa jadawali: sawu kaɗan ne a yini, idan ka rasa ɗaya za ka daɗe kana jira. Ɗauki hoton jadawalin a tasha ranar da ka iso, ka hau shi sau ɗaya don kallo, sauran yawon ka dogara da alon.

Wuraren kallo a haɗa su gungu-gungu, kada a riƙa tsallake gari. Gungun farko tsakiyar birni ne, kuma Juma'a ce ranarsa. Babban Masallacin Ƙasa, mai ƙubba ruwan zinariya da hasumiya huɗu, an gina shi a 1984. Ka isa tun sha biyu idan kana son sahun ciki, ka zo da leda ka zuba takalminka ka shiga da shi, waya kuma a aljihun gaba saboda turmutsitsin fitowa. Bayan an idar, kewayen masallacin kasuwa yake komawa: huluna, turare, littattafai, dabino, zuma, fura da nono, masa. Abincin rana mafi sauƙi da za ka samu a wannan yanki ke nan. Farashin farko da aka faɗa maka na tsaraba a taya, ba a saye a kai. Cocin Ƙasa na hange daga nan. Gaba kaɗan ga Sakateriyar Tarayya a kan titin Shehu Shagari, sunan da ba baƙo ba ne gare mu, sai Dandalin Eagle inda ake rantsar da shugaban ƙasa, bayansa Majalisar Tarayya da Dutsen Aso. A wannan yanki a yi hattara da kyamara. Kada a ɗauki hoton shingen jami'an tsaro, ƙofar fadar shugaban ƙasa, bariki ko ofishin jakadanci. Ana iya karɓe wayar, a kuma tsare ka da tambayoyi.

Da la'asar ka ƙarasa Millennium Park a Maitama, lambun da Sarauniya Elizabeth ta buɗe a Disamban 2003. Ga mai zuwa da iyali babu kamarsa: tabarma, ruwa da abincinku kawai. Kusa da shi akwai Unity Fountain mai ɗauke da sunayen jihohi, a nan ake neman Sakkwato a yi hoto.

Rana ta biyu ta ɓangaren Kubwa ce. Da sassafe ka bi ta Zuba zuwa Madalla ka ga Dutsen Zuma, wanda ke jikin takardar naira 100. A jihar Neja yake, kuma daga bakin hanya ake ganinsa da kyau, ba sai ka biya kowa ba; idan hazo ya yi kauri lokacin hunturu, bari rana ta ɗaga. Daga nan ka juya ta Dutsen Alhaji zuwa Ushafa, ƙauyen masu ginin tukwane da Bill Clinton ya ziyarta a 2000, kusa da madatsar ruwan Usuma. Tukunya ko kasko ɗaya daga can ya fi tsarabar kanti, a naɗe shi cikin tufafi a tsakiyar jaka. Tafkin Jabi ya dace da yamma, zama a bakinsa ya wadatar. Kwale-kwale sai da rigar kariya, kuma kantunan da ke gefensa na kallo ne ga mai ƙididdigar kuɗi. Masu yara su ƙara da gidan namun daji na Asokoro, a gindin Dutsen Aso. Tsohon ramin fasa dutse na Mpape yana da kyau a hoto, amma ruwansa zurfi gare shi, kada kowa ya shiga.

Kuɗin komawa gida a ware shi tun daga Sakkwato, a wani aljihu dabam, ba a taɓa shi. Sauran a raba biyu: kaɗan a hannu don mota da abinci, saura a asusu. Damina a Abuja tana farawa tun Afrilu ta kai Oktoba, don haka a sa lema a jaka ko da an bar gida cikin zafin bazara. Manyan tituna kuma ta gadar sama ake tsallaka su, motoci ba sa rage gudu.

Kilishin Area 1 da kayan kasuwar Wuse a saye su ranar jajibirin tafiya, kafin magariba, domin kasuwar rufe ƙofa take yi. A daren nan ka biya kujerarka a Zuba ko Jabi, ka tabbatar motar farko ce, don ku wuce Tsafe kafin la'asar.